Uwa Ɗaya Uba Ɗaya, Hanya Biyu: Me Ke Sa Wani Ya Bi Almasihu, Wani Ya Ƙi?

A shekarar 1711 waɗansu limaman Katolika biyu, 'yan ɗariƙar Faransiskan, suka biyo ayari daga Tarabulus ta Agadas har suka iso Katsina. Ba su daɗe ba cuta ta kwantar da su, suka rasu a nan ba tare da sun kafa komai ba. Shekara ɗari uku da 'yan kai bayan haka, a 2023, Fafaroma ya cire Katsina daga ƙarƙashin Sakkwato ya ba ta dayosis nata, wato yankin da bishop ke shugabanta, ya kuma naɗa Bahaushe, Gerald Mamman Musa, ya zama bishop ɗinta na farko. Yau wanda ya ratsa ƙauyukan Malumfashi da Kafur da Matazu da Musawa ranar Lahadi da hantsi zai ji ana yabon Yesu da Hausa tsantsa, da ganga da tulu, masu waƙar kuwa su Audu ne da Tanko da Lami da Talatu. A gidaje da yawa na wannan yanki za ka tarar wa yana zuwa coci, ƙane yana zuwa masallaci, tsohon da ya haife su kuma bai rabu da tsafin kakanninsa ba. Nono ɗaya suka sha, gona ɗaya suka noma, wa'azi ɗaya ya shiga kunnensu. To me ya raba su?

Amsa biyu aka saba bayarwa, kuma ko ɗaya ba ta gamsar da ni ba. Mutumin cikin birni zai ce ai saye su aka yi da magani da makaranta da buhun masara. Mai wa'azi mai zafin kai a coci zai ce waɗanda suka ƙi, zuciyarsu ce ta taurare. Kowace amsa tana hutar da mai ba da ita, domin ta ɗora laifi a kan wani, shi kuma ta sallame shi daga tunani. In aka ajiye rabon da yake na Allah shi kaɗai, wanda zan zo kansa, abin da ke raba mutane a zahiri shi ne daga bakin wa suka ji maganar, me za ta ci musu in sun karɓa, da kuma ko akwai gidan da zai riƙe su bayan sun karɓa.

Mu gwada zancen saye da abin da ya faru a ƙofar gidanmu. A shekarun 1930, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka damƙa wa mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) kula da asibitin kutare na Babbar Ruga, kamar yadda aka yi a Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato. Mutane suka riƙa zuwa daga ko'ina cikin lardi, ana yi musu allura, ana wanke musu miki, waɗansu su shekara biyu ko uku a wurin. Sun ji karatun Littafi Mai Tsarki, sun ga hannun da bai ƙyamaci jikinsu ba. Waɗansu sun ba da gaskiya, amma mafi yawa sun koma garuruwansu da addinin da suka zo da shi. Da magani yana sayen imani, da babu wurin da ya kai Babbar Ruga ciniki. Daga baya, a shekarun 1970, gwamnati ta karɓe makarantu da asibitocin mishan, Turawa suka yi ta raguwa, amma cocin karkara bai mutu ba, ƙaruwa ma ya yi. Ya ga tarzomar Maris 1987 da ta taso daga Kafancan ta iso Funtuwa da Katsina, ya ga sace limamai biyu a Gidan Maikambu ta Kafur a 2022, mutane kuma ba su daina zuwa sujada ba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma miyar ta daɗe da ƙarewa.

Ba na musun akwai masu shiga don ciki. Yesu da kansa ya faɗa wa taron da suka bi shi hayin teku cewa gurasar da suka ci suka ƙoshi ce ta kawo su, yana nan a Yohanna 6:26, kuma kafin a kai aya ta 66 da yawa sun juya sun tafi. Irin wannan bi tsawonsa tsawon buhu ne. Mai bishara da ya haɗa rabon hatsi da kiran tuba a zama ɗaya ya cuci mai karɓa, ya kuma ba masu zargi hujja. A raba abinci ga duk mai yunwa ba tare da tambayar addininsa ba, a yi wa'azi wata rana daban.

Zancen taurin zuciya ya fi ba ni ciwo, domin daga bakinmu Kiristoci yake fitowa. Bakatsinen da ya ƙi ba fanko ba ne da ke jiran a cika shi. Musulunci ya zauna a garin nan tun zamanin Muhammadu Korau a ƙarni na 15, ga hasumiyar Gobarau tana tsaye, ga kushewar Ɗan Marina da ta Ɗan Masani. Yaro tun yana shekara biyar a makarantar allo yake haddace Ƙulhuwallahu, surar da ke cewa Allah bai haifa ba, ba a kuma haife shi ba. Ranar da ya girma ya ji an ce Ɗan Allah, abin da kunnensa ke ɗauka shi ne aure da haihuwa irin ta jiki, sai ya ce wa'iyazu billahi ya toshe kunne. Babu cocin da ke koyar da haka. Abin da ikkilisiya ke nufi shi ne Kalmar Allah madawwamiya, wadda ba ta da farko, ta zama mutum. Haka ma Uku Cikin Ɗaya: mutane da yawa sun ɗauka Allah ne da Maryamu da Isa, alhali Uba ne da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, Allah ɗaya. Wannan rashin fahimta ne, ana iya warware shi a zaune cikin ladabi, kuma mai wa'azin da ya buɗe baki da kalmar da ya san za ta rufe kunne, shi ya toshe ƙofar da kansa.

Amma akwai inda ba rashin fahimta ba ne, saɓani ne na gaske. Suratun Nisa'i aya ta 157 ta ce ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba. Bulus kuwa a 1 Korintiyawa 15 ya ɗora dukan bangaskiya a kan mutuwar Almasihu da tashinsa, har ya ce in bai tashi ba wa'azin banza ne. Ba za a iya ɗinke waɗannan biyu ba. Malamin da ya fahimci maganar sarai, ya auna ta, ya ƙi ta domin yana tsoron ya yi wa Allah shirka, tsoron Allah ne ya tsayar da shi gwargwadon abin da ya sani. Ina ganin ya yi kuskure, kamar yadda shi ma yake ganin na yi, amma kiransa mai taurin zuciya zalunci ne. Abin lura kuma, daga cikin karatun nan ne waɗansu suka fito. Isawa, almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19, nazarin ayoyin da ke magana a kan Annabi Isa ne ya sa suka girmama shi fiye da yadda aka saba, kuma a 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka nemi Likita Miller, Bature ɗan mishan, a Zariya. Allo ɗaya, tawada ɗaya, wani ya tsaya, wani ya wuce.

Sannan akwai tarin jama'a da ake lissafawa cikin waɗanda suka ƙi, alhali ba su taɓa ji ba. Sarkin Kano Alu ya sallami Miller da abokansa a 1900. A 1903 Lugga ya yi alkawari a Sakkwato cewa gwamnati ba za ta taɓa addinin Musulunci ba, kuma shekaru da dama aka taƙaita shigar 'yan mishan garuruwan sarakuna. Cocin da ya fara tsayawa a biranenmu na baƙi ne, ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, a unguwar baƙi, ana sujada da Turanci ko Yarbanci ko harshen Ibo. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa sai a 1932 ya fito, da rubutun boko, a lokacin da masu karatun garin Larabci da ajami suke karantawa. Saboda haka mutum zai iya shekara sittin a Katsina ko Daura, katangarsa tana kallon ta coci, bai taɓa jin abin da Kirista ya gaskata daga bakin wanda ya yarda da shi ba. Lasifika ba ta cike wannan giɓi. Tambayar Romawa 10:14, yadda mutum zai gaskata da wanda bai ji labarinsa ba, har gobe tana nan.

Inda abin ya kama da gaske shi ne wurin Maguzawa, kuma nan ya kamata a daɗe, domin a nan ake ganin yadda lissafin yake. Hausawa ne da suka riƙe addinin gargajiya, suka zauna ƙarƙashin sarakunan Musulunci suna biyan jiziya, suna noma a manyan gidajensu nesa da gari. A rabin ƙarshe na ƙarnin da ya wuce tsohuwar hanya ta fara ƙuntata. Sardauna ya yi rangadin musuluntarwa a sassan Arewa kafin a kashe shi a Janairun 1966. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kai yaran ƙauye aji, inda darasin addini iri biyu ne kawai, na Musulunci da na Kirista, babu na gargajiya. Hanyar mota da cin rani suka fito da samari, suka ji ana kiransu arna a kasuwa. Sai ya zama kowane gida dole ya zaɓa.

Da yawa ƙwarai sun musulunta, kuma dalilansu ba na raini ba ne. Tun can Bamaguje ya san sunan Allah, ya san azumi da salla a bakin maƙwabta, harshe ɗaya ne, tufafi ɗaya ne. Mai fatauci yana bukatar mai masauki da amana a birni. Mai mata biyu ko uku ba ya rasa ko ɗaya. Waɗanda suka nufi coci kuma suna da nasu lissafin. Wani ya daɗe yana shan wulaƙancin dagaci da mai karɓar haraji, ba ya son shiga addinin wanda ya raina ubansa a matsayin ɗan baya. Mata sun taka rawa fiye da yadda ake faɗa. Bamagujiya tana da gayaunarta, tana noma, tana cin kasuwa, tana da rumbunta. Kulle zai raba ta da wannan, coci kuwa ya bar ta a gonarta, ya kuma ba ta zumuntar mata inda take shugabanci, tana riƙe asusu, tana koyon karatu. Har giya ta shiga lissafin, domin dafa ta sana'ar mata ce, shanta kuma shi ne gishirin gayya da biki. Cocin ECWA ya haramta ta ɗungum, Katolika ta hana maye ba ta hana sha ba, kuma wannan ya yi tasiri a kan cocin da gida zai nufa.

Sai dai duk wannan maganar waje ce. Tambayar da ke cikin ɗaki ta iskoki ce. Manomin da kakanninsa suke yanka wa Uwar Gona kafin shuka, suke ba Kure jan zakara, ba muhawarar Uku Cikin Ɗaya ce ta dame shi ba. Abin da yake so ya sani shi ne wa zai tsare shi in ya daina yanka. Shi ya sa mafi yawan tuba a karkara daga ciwo take farawa: yaro ya kwanta, an kai wa boka akuya ba sauƙi, wani ɗan'uwa ya ce a bari a kira mai bishara ya yi addu'a. Daga nan sai zuwa sujada jefi-jefi, sai ranar da mai gida ya fito da layu da ƙaho da tukunyar tsafi a ƙona a gaban shaidu. Jarrabawa ta gaske ita ce damina ta farko. In ya yi shuka ba yanka, gero ya yi kyau, iyali suka ga kaka lafiya, maƙwabta za su fara leƙe. In kuwa aka rasa yaro a shekarar, dangi za su ce ai mun faɗa maka, kuma a nan ne mutane da dama ke komawa. Mai bishara da ya yi tafiya a watan Agusta, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara kuma rumbu ya yi ƙasa, ya bar sabon tuba a daidai lokacin da ya fi bukatarsa. Aikinsa a ranar shi ne ya ɗauki yaron zuwa asibiti, ya yi addu'a, ya kuma faɗi gaskiya cewa Almasihu bai yi wa kowa alkawarin ba za a yi masa rasuwa ba. Wanda aka yi wa wa'azin cewa bin Yesu ya kawo ƙarshen ciwo da fatara, an haƙa masa rami tun ranar farko.

Zumunta a ƙafa take, bangaskiya ma haka. Wasu masu nazarin zamantakewa biyu a Amurka, John Lofland da Rodney Stark, sun nuna a 1965 cewa mutane sun fi shiga sabon addini ta hannun wanda suka riga suka shaƙu da shi, koyarwar kuma ta zauna daga baya. Duk wanda ya san gandu bai bukaci a gaya masa ba. 'Ya'ya suna aiki a gonar uba daga safe zuwa azahar, shi ke ciyar da su, shi ke yi musu aure. In mai gida ya karɓa, gidan mutum talatin na iya bin sa cikin 'yan shekaru ba tare da rigima ba. In saurayi ɗan shekara ashirin ya riga ubansa, ya jefa gonarsa da aurensa cikin haɗari. Kuskuren da ake yawan yi shi ne bin samari a bar dattawa, don samari sun fi saurin amsawa. Hanyar da ta fi ɗorewa ita ce a fara da gaisuwa a zauren mai gida, a ce Baba ga abin da ya kawo mu, a nemi izininsa ko da shi ba zai bi ba. Tsohon da aka girmama yakan ce shi ya tsufa a kan tasa hanya, amma yaran su je.

Ga wanda aka haifa a gidan Musulmi kuwa, farashin ya ninka. A fiƙihun Malikiyya saɓanin addini yana hana gado, saboda haka ya san ba shi da rabo a gidan ubansa. Aurensa zai warware, dangi na iya riƙe 'ya'yan. Ubangidan da ya ba shi jari zai karɓe, masu saye su ƙaurace wa shagonsa, wani lokaci ma ransa ne a kan layi. Abin da ya fi hana mutane barci kuma shi ne hawayen uwa, da tambayar wa zai wanke ni, ina za a binne ni. Yohanna 12:42 ta ambaci shugabannin da suka gaskata amma ba su bayyana ba don tsoron kada a fitar da su daga majami'a, kuma irinsu ba su ƙare ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda aka haifa a coci, wanda bangaskiyarsa ba ta taɓa ci masa ko akuya ba, ba shi da bakin da zai kira irin wannan mutum matsoraci. Mu ma mu yarda cewa yawancinmu, Kirista da Musulmi, gadon addini muka yi, kuma ɗan Kirista da ya musulunta shi ma yakan sha kora da gori daga nasa dangi. Wannan ma laifi ne, namu.

A nan ne maganar ta zama ta jama'a duka. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin addini, har da 'yancin sauya shi. Suratul Baƙara aya ta 256 ta ce babu tilas a addini. Imanin da aka tsare da barazanar gado ko ta duka, babu mai iya sanin ko imani ne, har shi mai shi. Baligi ya zaɓa a bar shi da zaɓinsa, ko ta wace fuska ya nufa. Yaro ko yarinyar da ba su kai shekara 18 ba kuma, kada wani fasto ko malami ya janye su daga hannun iyayensu da sunan ceto ko shiriya, balle a haɗa da aure.

Duk da haka, ko an jera waɗannan dalilai, akwai saura. Za ka sami mutum biyu da farashinsu ɗaya, abin da suka ji ɗaya, ɗaya ya karɓa ɗaya ya ƙi. Bulus ya yi wa'azi ɗaya a Atina, waɗansu suka yi ba'a, waɗansu suka ce sai wani jiƙon, waɗansu suka gaskata. A Filibi an ce Ubangiji ne ya buɗe zuciyar wata mata mai suna Lidiya. Ikkilisiya ta daɗe tana kai-kawo a kan wannan. Agustin, malamin ikkilisiya daga Afirka ta Arewa da ya rasu a 430, ya yi jayayya da wani malami, Filajiyus, yana cewa mutum ba ya iya juyowa ga Allah sai alheri ya riga shi. Daga baya malamin Furotesta Kalvin ya bi wannan har ya ce Allah ya zaɓi nasa tun fil azal. Wani malamin kuma, Arminiyus, ya ce alheri yana zuwa wa kowa, amma mutum na iya ture shi, kuma a kan wannan aka yi taron Dot a ƙasar Holan daga 1618 zuwa 1619. Kowane ɓangare yana da aya: Yohanna 6:44 ta ce babu mai zuwa sai Uba ya jawo shi, 1 Timoti 2:4 ta ce Allah yana so dukan mutane su tsira. Maƙwabtanmu Musulmi sun san irin wannan muhawara a babin ƙaddara, kuma Suratul Ƙasas aya ta 56 ta gaya wa Annabi Muhammadu cewa ba shi ke shiryar da wanda yake so ba, Allah ne ke shiryarwa.

Ni ina riƙe ayoyin biyu, ta Yohanna da ta Timoti, tare. Wanda ya gaskata ba shi da abin taƙama, domin ba wayonsa ne ya kawo shi ba. Wanda bai gaskata ba kuma ba a rufe littafinsa ba muddin yana numfashi. Misalin mai shuka a Markus 4 ana yawan karanta shi kamar hukunci a kan mutane iri huɗu, amma manomin ƙasar nan ya san ba haka gona take ba. Fako ana kai masa taki a fasa shi da garma, shekara uku ya ba da dawa. Gonar da ƙuduji ya cinye ana juya ta da gyaɗa ko wake. Wanda ya yi binne kuma ya san iri na iya kwana ashirin a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. Ba manomi ke saukar da ruwa ba, amma gyaran gona nasa ne, kuma a nan ne coci ke yawan faɗuwa.

Babban abin da ke lalacewa shi ne ƙirgen hannu. A yi taron farkawa kwana uku, a ce mai so ya ɗaga hannu, a rubuta adadi a kai rahoto, baƙi su hau mota su tafi. Bahaushe kuwa ba ya son kunyata baƙo, zai ɗaga hannu don kara. In ba a koma gidan mutum cikin mako ɗaya ba, aka kuma haɗa shi da wani tsayayye da zai riƙa zama da shi, hannun nan ba ya nufin komai. Katolika ta fi kowa haƙuri a nan, domin babba yakan shekara ko fiye yana koyon katikizim, wato koyarwar coci, kafin a yi masa baftisma a daren Ista. A cocin da ke nutsarwa a ruwa, a ganina ajin baftisma bai kamata ya gaza wata shida ba, kuma ya ratsa damina ɗaya. A koya wa mutum karatu in bai iya ba, ya karanta Bishara ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, a kuma zauna da shi a lissafa abin da zai rasa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda Luka 14:28 ta ce mai ginin soro ya fara zama ya yi lissafi. Dattawan da za su yi masa tambayoyi kada su tsaya ga hadda, su tambayi yadda yake zaune da iyalinsa da masu binsa bashi.

Ana kuma sauya wa mutum suna ba dalili, a cire Musa ko Ibrahim a sa na Turawa, alhali sunayen nan suna cikin Littafi Mai Tsarki, sai dangi su tabbatar ɗansu ya fita daga Hausa. Ana ɗora sabon tuba a kan mumbari yana ba da shaida tun bai yi wata uku ba, wani lokaci har a zuga shi ya zagi addinin iyayensa, a saka a Facebook, a rufe masa hanyar komawa gaida uwarsa har abada. Ana gaggauta tura shi Jos ko Kaduna. In ransa na cikin haɗari wannan wajibi ne, amma in ba haka ba an cire shi daga mutanen da za su ga canjin halinsa. Ga kuma matsalar mai mata fiye da ɗaya. Taron bishop-bishop na Angilika a Lambet ta Ingila ya hana yi masa baftisma a 1888, sai a 1988 aka yarda a yi masa bisa sharaɗin ba zai ƙara aure ba kuma jama'ar cocin sun amince, ba tare da an tilasta masa sakin kowa ba. Ina ganin matsayi na biyu ya fi kusa da adalci, domin matar da aka kora da 'ya'ya huɗu saboda mijinta ya tuba ba za ta taɓa jin wannan a matsayin bishara ba, 'ya'yanta ma haka.

Mafi zafi shi ne wanda ya biya duk farashin ya iso, sannan ya tarar ana kallonsa a matsayin ɗan leƙen asiri. Ya zauna a bencin baya, ana sujada da Turancin da ba ya ji, an tashi kowa ya kama hanyar gidansa, ranar salla kuma yana jiyo hayaniyar gidansu daga nesa ba mai aiko masa da tuwo. Ya nemi aure a coci a ce ba a san asalinsa ba. Irin wannan in ya koma sai a ce dama ba da gaske yake ba. Kafin a sa ranar baftismar wanda danginsa za su kore shi, majalisar dattawa ta zauna ta amsa tambaya huɗu, kowace da sunan mutum a gabanta: a ɗakin wa zai kwana, wa zai ba shi gona ko jari ko ya koya masa sana'a, wa zai tsaya masa a matsayin uba ranar da zai nemi aure, kuma a wace maƙabarta za a sa shi in ta Allah ta kasance. A rubuta a littafin coci, a karanta masa ya ji da kunnensa, sannan a tafi bakin ruwa.